Takardar Habiba da na riƙe har Litinin uku

Habiba ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina bakin rumfa da makulli a hannu. Babanta, Malam Isa, shi ya kira ni da kansa. Ya ce, "Madam Rahila, 'yarki ta riga mu. Bayan azahar za a kai ta."

Na ce masa ƙarya ne. Dattijo mai furfura, na buɗe baki na ce masa ƙarya yake yi. Ya ce, "To, Madam." Ya kashe waya.

Yau Litinin. Yau na ce mata ta zo.

Masu bina a nan saboda garin citta da kurkum, ku yi haƙuri, yau babu talla. Akwai maganar da zan faɗa, kuma wanda ba ta yi masa daɗi ba ya wuce gaba.

Habiba 'yar Kakuri ce, tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta Industrial Engineering. Wata bakwai da suka wuce ta shigo wurin aikina a Romi, siririya, da hijabi ruwan toka da fayil a hammata. Ta gaishe ni har ƙasa ta ce, "Mama, ina so in yi furojek ɗina a kamfaninki."

Kamfani! Rumfar kwano ce fa, injin niƙa ɗaya, mata tara. Amma kalmar ta yi mini daɗi, na ba ta kujera.

Na ce, "Tunda injiniya ce ke, ga janareta can yana tari, fara da shi."

Ta yi dariya. Ta ce, "Ni ba inji nake gyarawa ba, Mama. Tafiyar aiki nake gyarawa. Daga inda citta ta shigo a buhu har inda ta fita a leda, a ina ake ɓata lokaci, a ina mutane ke shan wahalar banza."

Na ce, "Wato shekara biyar ana koya miki sa ido?"

Ta ce, "Da lissafi, Mama."

Na ce a layinmu kyauta ake yinsa, kuma mun fi ku ƙwarewa.

Na karɓe ta ne don ba ta yi maganar albashi ba. Ni 'yar kasuwa ce, ba zan ɓoye muku ba.

Satin farko ta tsaya da agogon wayarta tana auna kowa: mai tsinta, mai tankaɗe, mai liƙe leda. Matan nan suka ɗauka ni na ɗauko ta don in san wadda zan kora. Ku zo ku ga aiki! Saratu, wadda ta fi kowa daɗewa a wurina, wadda sai ta gama labarin cocinsu kaf kafin ta tsince tire ɗaya, ta koma kamar an jona ta da wuta. Ko fitsari ba mai fita.

Habiba ta duba takardarta ran Juma'a ta ce, "Mama, wannan lissafin duk ƙarya ne. Tsorona suke ji."

Sai ta jefa wayar a jaka, ta naɗe hannun riga, ta zauna a cikinsu tana tsintar citta. Sati biyu cur. Tana atishawa, suna yi mata dariya, suna koya mata yadda ake gane wadda ta yi fumfuna a ciki. Da suka manta da ita suka koma halinsu, sannan ta fara aunawa a ɓoye, tana ɗan zana layi da biro a tafin hannu.

A nan na san yarinyar nan ta fi ni wayo. Ban faɗa mata ba.

Ita ta lura kujerun masu tsinta sun yi gajarta, shi ya sa kowa ke riƙe ƙugu da yamma. Ta sa aka yi musu ƙafa da guntayen katako. Ita ta juyar da bakin inji ya kalli taga, saboda Saratu tana da asma kuma garin kai tsaye yake zuwa fuskarta. Shekara nawa muna wurin, ba wanda ya gani.

Da Sallah ta kawo mana dambun nama a roba, ta raba wa kowa da cokali don kada a yi faɗa. Ni kuma na share mata lungu bayan buhuna, na shimfiɗa kwali mai tsabta, nan take sallarta. In ta tayar, ko Oga Emeka ya shigo da surutunsa sai ya rage murya.

Oga Emeka shi ne makanikinmu daga Kakuri. Ya fi shekara yana bina in sayi injin niƙa na biyu, wai wanda nake da shi ya tsufa, shi ke riƙe mana aiki. Ni ma haka na yarda. Har mun je na ga injin.

Ranar da Habiba ta gama aunawa, ta kira ni gefe. Ta ce, "Mama, kada ki sayi inji. Injinki rabin yini zaune yake yana jira."

Na ce, "Jiran wa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Jiranki."

Bari in yi muku bayani. Sikeli ɗaya ne a wurin, kuma a teburina yake. Duk ledar da za ta fita da sunana, hannuna ne ke auna ta. Tun ina talla a tire na ɗauki wannan ɗabi'ar, don na san abin da hannun mutum ke iya yi in ba a kallonsa. To ni kuma waya ba ta barina: dillalin citta daga ƙauye, direban da ya tsaya a Kakau, kwastoma daga Abuja. In na ɗaga waya ina ciniki, mata huɗu suna tsaye da kwano a hannu. Masu liƙe leda sun naɗe hannu. Mai inji ya kashe, don babu inda zai zuba.

Yarinyar nan ta zana shi duka a takarda, da kibiyoyi. Duk kibiyoyin a kan teburina suka taru.

Oga Emeka ya leƙa ya ce, "Madam, wannan yarinya za ta kashe mini kasuwa o. Small girl, wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Oga, in ta sayi na biyu, su biyu za su zauna suna jiranta."

Shawararta ita ce a sauke sikeli daga teburina a ba Saratu, a yanka gwangwani daidai awon leda ɗaya, ni kuma in riƙa ɗaukar leda ɗaya jefi-jefi ina dubawa. Na ce sikelina ba zai bar gabana ba ko da wa ya zana kibiya.

Sai ciwonta ya tashi. Habiba tana da sikila. Ta yi kwana goma a asibiti.

Tana kwance can, na gwada abin a ɓoye. Na ce bari in nuna wa kaina shirme ne. Ran farko, aikin da muke kaiwa magariba muna yi, kafin la'asar mun share wuri. Matan suka tsaya suna kallona, ni ma ina kallonsu. Saratu ta ce, "Madam, ashe ke ce."

Na ce ta rufe mini baki.

Da Habiba ta dawo ta ga sikeli a gaban Saratu, ta kalle ni. Na ce, "Gwaji ne kawai, teburina ne ya cika." Ta ce, "To, Mama." Amma har kunnenta murmushi yake yi.

Yanzu ga inda laifina yake.

Makarantarsu ba ta barin ɗalibi ya tsaya difens, wato ya kare aikinsa a gaban malamai, sai ya kawo takarda daga wurin da ya yi aikin, da sa hannu da sitam, mai shaida cewa an gwada shawararsa kuma ga abin da ya fito. Ta kawo mini littafin in gani. Na yi sakandare, Turanci ba ya ba ni tsoro. A babi na huɗu, baƙi a kan fari, ta rubuta cewa inda aiki ke shaƙewa shi ne teburin mai wurin.

Na ce, "Malamai nawa za su karanta wannan?"

Ta ce, "Kamar biyar. Sai a ajiye a laburare."

Na ce, "Laburare! Jikokina su zo su karanta cewa kakarsu ce matsala? Canza shi. Ki ce rashin wuta ne. Kowa a ƙasar nan zai yarda. Ko ki ce inji ne."

Ta ce, "Mama, ba zan yi wa inji ƙarya ba. Ba shi da bakin kare kansa."

Na ce to ta zo Litinin.

Ta zo, na ce sitam yana gida. Litinin ta biyu na ce ina da baƙi. Dabarar kasuwa ce, kun san ta: ka bar mutum ya yi ta zarya har ya sauko da kansa. Na yi wa dillalai masu gemu sun sauko. Na ɗauka ita ma za ta gaji ta goge layin.

Ran Alhamis ta biyo da yamma, ganinmu na ƙarshe ke nan. Idonta ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Na ce ta zauna, na sa aka sayo mata kunun aya mai sanyi, ta ce sanyi ba ya yi mata, na sa aka dafa mata shayi da cittarmu. Ta sha rabi. Ta ce, "Mama, Laraba ake rufe karɓa."

Na ce, "Kin goge?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To ki zo Litinin."

Ta miƙe tana gyara jaka, ta ce, "Mama, Litinin ɗinki ta fi ta kowa nisa." Muka yi dariya. Na raka ta har bakin titi, na tsayar mata da keke.

Allah ya sani, yau na yi niyyar sa hannu. Sitam ɗin yana jakata tun jiya. So nake kawai in ja ta kaɗan.

Na je gidansu, na zauna cikin mata. Ina zaune wata ta ce, da ma mai irin wannan ciwon me ya kai ta karatun maza, da an bar ta ta huta a ɗaki. Wata ta amsa, ai ga shi nan, shekara biyar ta tafi a banza, ko kwali babu.

Na riƙe bakina don gidan makoki ne. Nan kuwa shafina ne.

Hajiya, ban san sunanki ba, amma in kina karantawa: mata tara suna komawa gida tun da sauran rana suna dafa wa 'ya'yansu abinci saboda yarinyar nan. Saratu ta yi wata uku ba ta nemi abin shaƙarta a wurin aiki ba. Ke da lafiyarki garau, wa kika sauƙaƙa wa aiki bana?

Baban Habiba ya yi shekara ashirin a masaƙa kafin a rufe. Ta taɓa ce mini tun tana ƙarama take wuce gine-ginen nan da ciyawa ta cinye, tana son ta san yadda wuri mai inji dubu yake mutuwa. Abin da ya kai ta karatun ke nan. Ta san jikinta fiye da ku duka, kuma ta zaɓi abin da za ta yi da kwanakinta.

Da na fito na karɓi lambar malamin da ke duba aikinta, na kira shi. Ya yi mini ta'aziyya, mutumin kirki. Ya ce komai nata ya cika, jarrabawa ta gama, littafi yana teburinsa. Takardata kaɗai ta rage a fayil. Ya ce akan ba iyaye shaidar ɗalibin da ya rasu wani lokaci, in aikinsa ya kammala, amma manya ne ke yankewa, kuma ba ta yi difens ba. Ya ce, "Gaskiya Madam, yanzu ban ga amfanin ki wahalar da kanki ba."

Na ce, "Malam, yau wace rana?" Ya ce Litinin. Na ce, "Yaushe ake rufewa?" Ya ce Laraba. Na ce to ba a rufe ba.

Takardar tana gabana yanzu. Na sa hannu, na buga sitam har ya huda. Ban ce rashin wuta ba, ban ce inji ba. Na rubuta yadda ta rubuta, na ƙara layi ɗaya da hannuna: mai wurin da ake magana a babi na huɗu ni ce, kuma gaskiya ta faɗa.

Gobe da sassafe rumfa a rufe take. Ni da Malam Isa da matana tara za mu je. Oga Emeka ya ce shi zai kai mu a motarsa, shi da ta hana ciniki. In difens suke so, ga mu. Su tambayi Saratu, su tambaye ni, a gaban malamai biyar ko hamsin. In suka ce mu dawo wata rana, na san wannan wasan, ni na ƙware a kansa. Zan ja kujera in zauna.

Ban san ko za su ba Malam Isa takardar 'yarsa ba. Amma ba za a rufe fayil ɗin nan a ce abu ɗaya ya rage, kuma abin nan nawa ne ba.

Injiniya Habiba. Haka zan kira ki, ko sun buga ko ba su buga ba.

Ki yafe mini, 'yata.

Allah ya jiƙanki, ya sa ciwon da kika sha ya zame miki hutu, ya haskaka makwancinki. Ya ba Malam Isa da mamanki ƙarfin zuciya.

Ku da kuka karanta har nan, kada ku tsaya a alamar kuka. Musulmi, ku yi mata irin taku. 'Yan'uwana Kirista, ku sa iyayenta a addu'a. Ku kuma roƙa mana Allah ya sa mu samu mai ofishin a kujerarsa gobe.