Ɗan Fari Zai Tafi Damagaram

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yi mini magana ido da ido, ba ta zama inda nake zaune. Gwaggona ce ta raine ni. Haka ake yi a wurinmu, kunyar ɗan fari, kuma ban taɓa jin zafin abin ba sai shekarar da kumandan, mai mulkin yankinmu, ya kira ni ofis.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Dogon Dutsi, yara na ce mini mushe, wato malam da Faransanci. Kumandan ya ce za a ba ni darekta, shugaban makaranta, amma a Damagaram. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai babana ya rasu, ƙannena duk mata ne, ƙafar inna kuma ta fara ciwo. Damagaram ba nan kusa ba ce, wanda ya tafi sai dogon hutu.

Na ƙudura a raina in ta ce zauna, na zauna. Amma ta yaya zan tambayi wadda ba ta kallona? Sai na ɗauki ƙanwata, muka je ƙofar ɗakinta. Na tsuguna a waje ina faɗa, ƙanwata na maimaitawa, alhali inna na jin kowace kalma tana tsintar wake.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce wa ƙanwata, "Hwaɗa ma wancan shi tahi. Mi za shi yi man nan? Ina da hannuwana."

Na tashi raina a ɓace. Na so ko da wasa ta ce, wa zai duba ni? Na kai ƙara wajen gwaggo, na ce ashe matar nan ba ta damu da ni ba. Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu.

"Kai dai wawa na. So kake ta riƙe ma ƙahwa gaban mutane? Ɗanta na hwari? Tahi ka ɗaure kayanka."

Na koma na ce wa kumandan na yarda, rabi don albarkarta, rabi don haushi.

Ranar tafiya unguwa ta cika ƙofar gida, ana ta addu'a. Inna ba ta nan. Aka ce tun da safe ta tafi gona. Na hau mota bayan buhunan gyaɗa, ko sallama ban yi da kyau ba.

Gonarmu tana bakin hanyar Ɗan Kassari. Kaka ce, an riga an girbe gero, ba abin da ya rage sai kara. Da muka iso sai na hango ta dab da hanya, ta juya mana baya, ta sunkuya da hauya tana noman ƙasar da ba ko ciyawa. Da wannan ƙafar tata ta tako har nan.

Ba ta waiwayo ba, ni ma ban kira ta ba, don kada in ba ta kunya. Na cire hulata na riƙe. Da motar ta zo daidai ita, sai hauyar ta tsaya, ba ta sake motsi ba har muka sha kwana.