Ɗorawar Inna Tabawa Ba Ta Cikin Fom

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na cika fom ɗin gonar Malam Hamisu ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ce mini Malam Garba mai faɗa a kan takarda. Na ji, ban kuma musa ba. Amma ku zauna ku ji inda faɗan ya samo asali.

A lokacin ina malamin gona mai kula da ƙauyuka shida a arewa da Bici, wajen hanyar Makoda. Ga wanda bai san tsarinmu ba, malamin gona shi ne na ƙasa, shi ke hawa babur ya shiga gonaki. Sama da shi akwai mai kula da yanki, sama da wannan kuma shugaban shiyya, wanda ke zaune a ofis yana haɗa rahoto yana turawa Kano. Shugaban shiyyarmu Alhaji Munzali ne, mutum mai tsafta da son takarda. Bai taɓa ci mini mutunci ba kafin wannan magana, ni kuma ban taɓa ganin ƙasar gona a takalminsa ba.

Aka kawo mana wani shiri na taimakon manoma saboda sauyin yanayi. Dalilin shirin gaskiya ne, babu mai musu. Ruwa ya koma zuwa a makare yana ɗaukewa da wuri, wata shekarar gero yana cikin fitar da kai sai sama ta bushe. Shirin zai ba da iri mai saurin nuna, da takin zamani, da tarakta ta yi haro kyauta. Sharaɗin shi ne maƙwabta goma su haɗe gonakinsu su zama fili ɗaya, tunda gonakinmu na nan ƙanana ne, sannan a share duk abin da zai tare wa tarakta hanya. Ba a rubuta kalmar bishiya ba, amma kowa ya san ita ake nufi.

Fom ɗin gurbi biyar gare shi: sunan mai gona, faɗin gona, abin da ake shukawa, buhu nawa aka samu bara, sai kuma yardar mai gona a share. Iyakarsa ke nan.

Ranar Larabar nan tsakiyar watan Afrilu ce, zafin bazara ya kai matuƙa. Gonar Malam Hamisu ce a tsakiyar filin, kuma akwai manyan ɗorawa uku a cikinta, sun yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya, sai dai 'ya'yan ɗanyu ne tukuna. A inuwar ɗaya daga cikinsu na jingine babur na zauna ina rubutu. Malam Hamisu mutum ne mai sanyi, ɗan shekara arba'in da wani abu. Da muka zo gurbi na biyar ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Malam Garba, bishiyoyin fa?"

"Sharaɗi ne," na ce. "In ba a share taka ba, duk filin ya fita daga shirin."

Sai ya ce, "To, ba ni zan hana sauran mutum taran samun taki ba." Ya dangwala yatsa, na sa hannu a ƙasa.

A nan laifina yake, kuma ba na ɗora wa kowa shi. A ƙasar nan aka haife ni. Na san sarai cewa a wurinmu gona tana iya zama ta wani, bishiyar da ke cikinta ta wani. Mahaifiyata ma tana da tsamiya a gonar da ba tamu ba. Amma fom bai tambayi mai bishiya ba, ni ma sai ban tambaya ba. Na bar takarda ta yi mini tunani, ni da ɗan ilimina da furfurar da ta fara fito mini.

Ranar Litinin na koma ƙauyen, na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙofar gidan mai unguwa tana jirana. Ita ce Inna Tabawa, ƙanwar mahaifin Malam Hamisu, wadda duk yankin ya sani da sana'ar daddawa. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Kai ne malamin gonar da ya rubuta a sare mini ɗorawa?"

"Inna, ai gonar Malam Hamisu ce."

"Gona tasa ce, ɗorawa tawa ce. Da babanmu ya rasu aka zo rabo, na ce a bar wa maza ƙasa, ni a ba ni bishiyoyin nan uku. A gaban dattawa aka yi. Ga mai unguwa nan, tambaye shi."

Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce haka ne, kowa ya sani. Aka kira Malam Hamisu, ya zo ya durƙusa gefe kansa a ƙasa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Gwaggo, kunyar mutane ce ta kama ni."

Ba ta ko dube shi ba. Ni ta fuskanta, ta yi mini bayani kamar wanda ya zo daga wata ƙasa, kuma na cancanci hakan. Daga 'ya'yan ɗorawa take fitar da kalwa, kalwa take dafawa ta yi daddawa. Garin ciki jikokinta su sha, ɓawon kuma a jiƙa a yi daɓe da shi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya huɗu.

"Ɗan nan," ta ce, "ku kun ce ruwa ya canza, shi ya sa kuka zo taimako. To, shekarar da ruwa ya ɗauke gero ya ƙi, ɗorawa ba ta ƙi ba. Da daddawata aka sayi hatsin da aka ci a gidan Hamisun nan. Ka je ka gaya wa manyanka kada a taɓa min su. In kuma sun fi ƙarfina, to a bari sati uku 'ya'yan su bushe in kwashe na bana."

Washegari da safe ina ofishin shiyya. Na yi wa Alhaji Munzali bayani dalla-dalla, na ce kuskure na yi, wanda ya dangwala yatsa ba shi ne mai bishiyoyin ba. Na ce tarakta za ta iya zagaye su, abin da za a rasa bai wuce 'yan kunyoyi ba.

"In na bar maka uku," ya ce, "gobe wani zai ce a bar masa gawonsa."

"Yallaɓai, ai gawon ma bai kamata a sare ba. Kai ma ka san a ƙarƙashinsa gero ya fi tsayi."

Ya jawo fom ya ajiye a gabana. "Nuna mini gurbin ɗorawa a nan. Buhu nawa take bayarwa? Malam Garba, mu tattalin arzikin ƙasa muke son ɗagawa, ba miyar tsohuwa ba."

Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci. Na ce, "Yallaɓai, miyar da ka ci jiya a gidanka, da me aka yi ta?" Bai yi dariya ba, ni ma ba wasa nake yi ba. Ya ce in iya bakina. Ya ce ai shirin bai manta da bishiya ba, da damina za a raba dashe, goma a madadin kowace ɗaya da aka sare. A ƙarshe ya ce in rubuto koke a takarda, zai tura Kano, in sun amince a jinkirta sati ukun shi ba shi da matsala. Na zauna nan take na rubuta shafi biyu. Na fito ina ganin na yi wani abu.

Abin da ban lissafa ba shi ne masu sara. Ofis ba ya biyansu. 'Yan kasuwar itace ne, su share fili kyauta su kwashe icen, don haka ba su da dalilin jiran kowa. An riga an ba su kwafin fom tun makon da ya wuce, kuma babu wanda ya ga ya kamata ya ce musu su dakata.

Ranar Alhamis da hantsi, tun daga bakin hanya na jiyo ƙarar injin sara. Na bar babur a kan kunya na shiga da gudu. Biyu suna ƙasa. Ta ukun an ci fiye da rabin gindinta. Na daka wa mai injin tsawa ya kashe, na ce wa ya ba su izini. Shugabansu ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini cikin ladabi.

"Malam, ba hannunka ba ne wannan?"

Hannuna ne. Ya ce ta ukun ma ba ta baruwa a haka, iska ɗaya za ta kayar da ita a kan wani. Gaskiya ya faɗa. Na matsa gefe suka ƙarasa, ina tsaye ina kallo kamar wanda aka ɗauko ya sa ido a kan aikin.

Inna Tabawa tana cikin rassan da suka faɗi da ƙwaryarta. Ta tsinki 'ya'yan ta fasa da farce, ta duba. Kalwar fara ce, ruwa-ruwa, ba ta kai ko'ina ba. Ta tsinki wani, haka. Ta yi ta yi har sau biyar ko shida, sannan ta kife ƙwaryar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Sati uku na roƙa," ta juya ta nufi gida.

Amsar kokena ta iso bayan wata ɗaya. An amince a jinkirta.

A watan Yuli aka kawo dashe, aka ce in kai mata talatin, goma-goma kamar yadda aka alkawarta. 'Yan tsirrai ne a leda, kowanne bai wuce tsawon hannu ba, kuma duk bishiyar turare ce, don ita ce ta fi sauƙin renon. Na ɗaura su a babur ina jin kunyar kaina, na yi sallama a ƙofar gidanta.

Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya. "Wannan shekara nawa take yi kafin ta yi 'ya'yan da za a ci?"

"Inna, ba a cin 'ya'yanta."

"To me take yi?"

"Tana tsawo. Ana yin azara da ita."

"Mayar musu," ta ce. "Ka ce na gode."

Na mayar. Na juya bayan fom ɗin rabon dashe na rubuta duk abin da ya faru, tun daga Laraba har Alhamis, da laifina a ciki. Sakamakon da na samu takardar tuhuma ce, wai na ɓata takardar hukuma da rubutun da ba a nema ba.

A ƙarshen shekara rahoton shirin ya fito, na karanta shi tsaf. Sare bishiyoyin ya shiga a matsayin fili da aka gyara. Icen da aka loda zuwa Kano ya shiga a matsayin aikin yi da aka samar. Dashen turare ya shiga a matsayin yaƙi da hamada. Sau uku aka yaba wa kai a kan ɓarna ɗaya. Bishiyoyin da suka fi shekara hamsin a tsaye suna ciyar da gida kuwa, babu layi ɗaya da ya taɓa ambatar su sai ranar da suka faɗi. Sunan Inna Tabawa ma yana ciki, a jerin matan da suka amfana da dashe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, gero ya yi kyau a filin a shekarar, Alhaji Munzali kuma ya sami ƙarin girma. Bayan damina biyu shirin ya ƙare. Tarakta ba ta sake dawowa ba, taki ya fi ƙarfin aljihun mutane, kowa ya ja iyakar gonarsa kamar da. Sai dai yanzu in iskar farkon damina ta taso babu abin da ke tare ta, yashi take kwasowa ta binne shuka.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, masu tsara mana takarda suna kiran abu arziki ne kawai in an sare shi, ko an loda shi a mota, ko an zuba shi a buhu. Abin da yake tsaye yana riƙe ƙasa, yana ciyar da mutum a shekarar da ruwa ya ci amana, a wurinsu ba komai ba ne. Da irin wannan awo ake cewa za a cece mu daga sauyin yanayi. Ba na cewa ku ƙi iri ko taki, ni ma ina amfani da su. Ina cewa ne hannun da ke ƙasan takarda naku ne, ba na wanda ya tsara ta ba. Kafin ku sa shi ku tashi ku zagaya gonar, ku tambayi kowane abu da ke cikinta na wane ne, kuma wa yake ci daga gare shi. In babu gurbi ku rubuta a baya, tuhuma ba ta kisa.

Ganina na ƙarshe da Inna Tabawa a kasuwa ne, shekaru uku bayan haka. Ta tsufa sosai, tana tsugune gaban mai kalwar da ake kawowa daga kudu, tana cinikin rabin kwano. Na so in wuce ta baya, amma ta riga ta gan ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da sakin fuska, ta tambayi iyalina. Sannan maimakon ta ce yaya aiki, sai ta ce, "Malamin gona, yaya sara?"

Ta ɗaure kalwarta a bakin zane ta tafi.