Kwali da Yaren Bayan Takarda

A makarantar koyon aikin jinya ɗakinmu ɗaya da ita, gadona a ƙasa, nata a sama. Kwali muke ce mata, har malamai suka kama sunan, don duk inda ta ga kwalin magani sai ta zura yatsa ta zaro takardar nan mai ninki goma da ba wanda ke karantawa. 'Yar tela ce, ta tashi a gidan da ba a zubar da ƙyalle, ina jin can ta gado halin.

Gaban takardun da harshen da ake koya mana karatu ake rubuta shi, bayansu kuma da yaren wata ƙasa mai nisa. Sai ta shimfiɗa biyu iri ɗaya a kan katifa, ɗaya a kife, tana bi layi-layi da bakin biro. Daga baya ta samo wani ƙamus marar bango a wurin mai tsofaffin littattafai, da 'yar rediyo mai kamo tashar mutanen ƙasar idan ta ga dama. Ba wanda ya sa ta, ba ya cikin jarrabawa. In ta gama haddar ƙasusuwan jiki, wannan ne hutunta.

"Ke Kwali, yaya suke cewa ina kwana?"

"Ban kawo nan ba tukuna."

"To me kika iya?"

"A girgiza kafin a sha. A ajiye nesa da yara."

Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni na fi kowa tsokana. Wata rana ma na kunna risho da takardunta guda uku, ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

A shekararmu ta uku aka tura mu ɗakin masu karaya. A gadon ƙarshe akwai wani dattijo, direban babbar mota, wanda aka kawo daga hatsari. Motar ta ƙone da wayarsa da takardunsa, hannuwansa biyu a naɗe har gwiwa. Ba ya jin mu, ba ma jin sa. Sati biyu ba wanda ya zo duba shi, don ba wanda ya san inda za a aika. Wasu kalmomi kawai yake ta maimaitawa, babbar sista ta ce sambatu ne na buguwar kai. Can kuma ya juya fuska bango ya daina karɓar abinci, likita ya ce in aka ci gaba a haka ciwon ba zai haɗe ba.

Wata safiya Kwali tana canza masa ledar ƙarin ruwa, sai na ga hannunta ya tsaya.

"Sista, wannan bawan Allah ba sambatu yake ba. Lamba yake faɗa. Na ji biyu, na ji uku, irin na sau biyu a rana, sau uku a rana."

"Ke 'yar nan, bar shirme ki gama aikinki."

Kwali ba ta bari ba. Ta sunkuya kusa da kunnensa, da yake ba ta da gaisuwa sai ta ba shi abin da take da shi, ta ce masa da yarensa a sha bayan an ci abinci. Dattijo ya juyo ya zuba mata ido. Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana cije leɓe saboda ciwon haƙarƙari, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Ta zaro takarda daga aljihu. Yana faɗar lamba a hankali, tana rubutawa tana nuna masa, shi kuma yana gyaɗa kai ko ya girgiza. Guda ɗaya ta gagare ta, ba ta taɓa gamuwa da kalmar ba. Ya maimaita har muryarsa ta dushe, ita tana zufa, sai da ta bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya aka tsaya a bakwai.

Babbar sista da kanta ta miƙo wayarta, aka buga lambar. Wata mace ta ɗauka, Kwali ta kara masa a kunne. Kalma ɗaya ya faɗa, ihun da ya fito daga wayar nan har mai gado na uku ya ji. Bayan kwana tara 'yarsa ta iso da wani mai yi mata tafinta, shi ya gaya mana cewa an riga an sanar da iyalin dattijon mutuwarsa, har sun gama karɓar gaisuwa. A ranar wayar dai ya cinye kwanonsa tas, Kwali ce ta ba shi a baki. Kafin a sallame shi ya koya mata ina kwana.

Yanzu ita ce shugabar wannan ɗakin, furfura ta fito, tana karanta takardun da tabarau. Yaren ya zauna a bakinta, amma har gobe ba ta iya wuce kwali. Ni kuwa duk takardar da ta faɗo hannuna sai na ninke na kai mata. Tana ce mini na bari, tana da su cike da akwati. Ban taɓa gaya mata dalili ba. Har yau zuciyata ba ta daina tambayata ba, ko bakwai ɗin nan da muryar dattijo ta dushe yana maimaitawa tana cikin takardu ukun da na kunna risho da su.