Ranar da Aka Tara Mu Don Tsara Makomar Kwaleji

Ina shekara ta shida da fara koyar da aikin lantarki a wata ƙaramar kwalejin koyon sana'a da ke bayan kamfanonin Sharaɗa, sai shugabanmu ya ce za a tsara makomar kwalejin, kuma kowa zai sa baki, har masu shara.

Aka tara mu a ɗakin taro. An ɗauko wani ƙwararre daga nesa, ya sha kwat cikin zafin Kano, ya yi ta haska mana hotunan gine-ginen gilashi na wata ƙasa. Mu da injin walda ɗaya ne kacal ke tashi a duk makarantar! Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Bawan Allah bai fasa ba, ya ci gaba da nuna farin bango da sandarsa, manyanmu na kujerun gaba suna ta gyaɗa kai.

Yawancin ɗalibanmu ma'aikatan kamfani ne. Wata daga cikinsu, 'yar Kudancin Kaduna mai aiki a kamfanin robobi a Challawa, ta miƙe.

"Ranku ya daɗe, ƙarfe biyu muke tashi daga aiki, ku kuma ƙarfe biyu kuke fara darasi. Kafin mu iso an ci rabi. A mayar da shi ƙarfe huɗu mana."

Shugaba ya yi mata murmushin raini. "Malama, yau hangen nesa muke yi, ba zancen jadawali ba."

Aka kafa kwamiti. Wata uku suna zama, suna cin shinkafa da kaza. Abin da suka haifar kawai sabon taken makaranta ne da sabon fenti a ƙofar shiga.

Da muka gaji, mu malamai huɗu muka zauna da ɗaliban a gindin darbejiya, kowa ya faɗi lokacin da kamfaninsu ke sallamarsa. Maigadinmu, wani dattijo ɗan Jigawa, ya yarda zai riƙa barin azuzuwa a buɗe har magariba. Muka mayar da darasi yamma ba tare da mun tambayi kowa ba. Kafin wata ya ƙare aji ya cika, har sai da muka aro benci.

Ƙarshen shekara baƙi suka zo duba makaranta. Shugaba ya jawo su ajina, yana baza babbar riga, ya ce wannan na daga cikin nasarorin kwamitinsa. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, wai ƙarfe nawa kuke farawa ne?"

Na gaya masa. Ya juya ya maimaita musu da ƙarfi, suka rubuta.