Abin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Gidanmu na unguwar Hajj Yusuf a Khartoum ginin ƙasa ne, a bakin wani kwari da ruwan sama ke bi ya gangara kogi. A farkon shekarun mulkin soja wutar lantarki ba ta cika zama ba. Da an idar da sallar magariba sai kakarmu ta jawo kanun, murhunta na gawayi, zuwa tsakar gida, ta ɗora butar shayi, ta zauna a bakin gadonta na igiya da damin kaba a gefe. Mu jikoki Habboba muke ce mata, Baba yana ce mata Inna. Ni sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana da komai sai Takwara.

A gonakin auduga na Jazira ta yi ƙuruciyarta, tafin hannunta duk kanta. Amma in ta kama kaba, yatsun nan sai su koma na yarinya. Tana saƙa kwando tana ba da tatsuniya, ba ta ko duban abin da take saƙawa. Hausarta irin ta mutanen da ce. In ta faɗi kalmar da ba mu sani ba muka tambaye ta da Larabci, sai ta harare mu ta ce, “Ku tambaye ni da harshen da na goyi ubanku da shi.”

A shekarun nan ne gwamnati ta ce ta buɗe kasuwa, kowa ya shigo da abin da ya ga dama daga waje. Baba yana da rumfar kayan miya a kasuwar unguwa, kuma duk ranar da ya je babbar kasuwar Suk al-Shabi sai ya dawo da labarin sabon abu: biskit mai takarda mai ƙyalli, bokitin roba, takalma masu arha. Abin da ya fi komai yawa shi ne leda, wadda muke kira kis. A da kowace mace da kwandonta take zuwa cefane. Yanzu tumatir a leda, wake a leda, har man gyaɗa a leda, kuma kyauta ake ba ka. Baba ya ji daɗinta ƙwarai, dami-dami yake sayowa. Kwandunan Habboba suka daina fita, suka taru a gida suna shan ƙura. Ledar kuwa iska ta kwashe ta, ta rataya a jikin ƙaya, ta cika kwarin bayan gidanmu.

Habboba tana da akuya mai suna Kyalla. Nononta muke zubawa a shayi, shi ake dama wa ƙanena Sani kunu da shi tun da aka yaye shi. Sai Kyalla ta fara ramewa, cikinta na kumbura, ta daina tuƙa. Da Baba ya ga za ta mutu a banza, ya kira mahauci. Ina tsaye aka farka tumbinta, aka ciro wani dunƙule baƙi mai tauri, ya kai girman kan jariri. Leda ce zalla, ta murɗe ta cure wuri guda. Habboba ba ta yi kuka ba. Ta karɓa, ta wanke shi, ta rataye a ginshiƙin rumfar tsakar gida.

Da yammar nan Baba na kan tabarma kusa da mu, rediyo a kunne. Habboba ta fifita gawayi, ta ce, “Ku matso. Ga wata tatsuniya ta zo daga nesa, ƙafarta duk ƙura.”

Muka ce, “Ta zauna mu ji ta.”

Ta ce an yi wani gari mai ƙofa huɗu, sarkinsa ya sa aka buɗe su duka don fatake su shigo. Garin ya cika da gishiri da tufafi da magani, kowa na murna. Ran nan wani falke ya zo daga bayan teku da ƙorai marasa nauyi, ba sa fashewa, ba sa ruɓewa, kuma duk wanda ya sayi abu sai ya ba shi ɗaya kyauta. Da ƙoran suka yi yawa, mutane suka riƙa ci a ciki suna jefarwa. Damina ta zo, ruwa ya sauko ya nemi ƙofar shiga ƙasa ya rasa, ko'ina ƙorai sun rufe. Ya tsaya a titi ya yi wari, rijiyoyi kuma suka ƙafe. Sai wata tsohuwa ta durƙusa ta kara bakinta a ƙasa, ta tambaye ta laifin da aka yi mata.

A nan Habboba ta sauke murya, ta yi kauri kamar daga rami take fitowa. “Ƙasa ta ce, ‘Duk abin da kuka ba ni ina ci. Fasasshiyar ƙwarya, tsohuwar tabarma, har mamatanku, na ci na mayar muku da gero. Wannan kuwa ban san uwarsa ba, ya ƙi wucewa a maƙogwarona.’”

Yayana Bashir ya ce, “Sai sarki ya rufe ƙofofin!”

“Ya rufe ku ci me? Gishirin fa? Maganin fa?” in ji Habboba. Ta ce mutanen garin sun yi gayya, suka tsince ƙoran kaf, suka ɗora wa falken a raƙumansa. Sannan aka ajiye wa tsohuwar nan kujera a bakin ƙofa. Duk kayan da ya zo shiga sai ta tambaye shi, “In ka tsufa, wa zai binne ka?” Mai amsa ya wuce, marar amsa ya koma da ubangidansa. “Shi ke nan, tatsuniya ta kaɗe zanenta ta tafi. Takwara, zuba wa mai rumfa shayi.”

Mai rumfa Baba ke nan, don shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa. Na lura ya kashe rediyon tun tuni. Ya karɓi shayin ya ce, “Inna, ai ba ni na kawo leda ƙasar nan ba. In ban ba da leda ba, na kusa da ni zai bayar.”

Ta ce, “Ni tatsuniya na yi wa yara.”

Ba a daɗe ba aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Kwarin ya toshe, ruwa ya juyo cikin lungunmu, ya ci gindin katangar maƙwabciyarmu Hajja Batul har ta faɗi. Tamu ma ta tsage. Kowa ya san in aka sake yin irinsa ɗakunanmu ne za su bi.

Washegari Habboba ta ciro dunƙulen nan daga ginshiƙi, ta sa a kwando, ta kama hannuna muka bi gida-gida. Ba ta yin dogon bayani. Ta ajiye shi a gaban matar gida ta ce, “Daga cikin Kyalla aka ciro. Irinsa ne a cikin kwari. Jibi da safe akwai gayya.” Kusan kowane gida sai an ce mana su ma sun yi asarar akuya ko tunkiya, ba su dai san dalili ba.

Ranar gayyar mata suka fito da manjagara da buhuna, Hausawa da Larabawa da mutanen kudu da ke zaune a ƙarshen lungu. Maza suka biyo baya da shebur, Baba a gaba, ya naɗe jallabiyarsa har gwiwa. A zamanin nan taro abin tsoro ne. Ana cikin aiki sai ga wani mutumin kwamitin unguwa, ya tsaya a bakin kwari yana tambaya wa ya ba da izinin wannan taro. Habboba ta hauro, taɓo har ƙwauri, ta dube shi.

“Ɗana, ba gidanku ne mai koren ƙofa can ƙasa ba? In ruwan nan ya gama da mu, wurin uwarka za shi.” Ta miƙa masa manjagara. “Riƙe nan, bayana ya gaji.”

Ya juya ya dubi jama'a, ya dubi manjagarar. Sai ya tuɓe takalmansa. Hajja Batul ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, kwarin ya ɗauka. Kafin la'asar mun ga ƙasan kwarin da idonmu, an cika amalanken jakuna da buhunan leda an kai juji can bayan gari.

Abin da Baba ya yi bayan nan shi ya fi ba ni mamaki. Ya kwashi kwandunan Habboba ya rataye a rumfarsa, ya ce duk wadda ta zo da kwando, nata ko na Inna, tana da gyara: ƙarin tumatir ko ɗan barkono. Mai son leda ba a hana ta, amma babu gyara. Matan da suka shiga taɓon nan da ƙafarsu ba su buƙaci a roƙe su ba. Rumfarsa ta cika, na kusa da shi suka ga ciniki na wuce su, su ma suka fara. Saƙa ta yi wa Habboba yawa, ta zaunar da ni da 'yan matan lungu tana koya mana a gefen kanun. Da ruwa ya sake sauka, muka tsaya a ƙofar gida muna kallonsa yana wucewa a kwarin da gudu, ja wur, bai ko waiwayi katangarmu ba. Baba ya sayo mata wata akuyar, ta haifi tagwaye, duka suka rayu.

Yau ni ma 'yar kasuwa ce a Omdurman, kuma yawancin abin da nake sayarwa daga waje yake zuwa. Ban taɓa ganin laifin buɗe ƙofa ba, da ita nake ciyar da 'ya'yana. Sai da na girma na gane cewa a ƙasarmu an buɗe ƙofofin ne ba a ajiye kowa a bakinsu ba, kuma abin da ya shigo ba tambaya a kan talaka yake ƙarewa, a cikin akuyarsa da gindin katangarsa. Ba mu kori leda daga Khartoum ba, har gobe tana nan a kan ƙaya. Amma lungu guda ya hana ta cin gidajensa, a lokacin da ko tari mutum ya yi sai ya duba bayansa. Shi ya sa duk dillalin da ya kawo mini sabon kaya, nakan juya shi a hannu in tambayi inda zai ƙare in ya mutu. Wasu su yi dariya, wasu su kwashe kayansu su fita. Ban taɓa kiran ko ɗaya ya dawo ba.