Gaisuwar Suruki a Bakin Kwalta

Keken nan nawa a Yekuwa na saye shi, lokacin da aka tura ni koyarwa can, kuma gaskiya a can ni na fi ɗaukarsa. Yashi! Ka taka sau uku taya ta nutse, ka sauka kana turawa, mai amalanken shanu ya wuce ka yana yi maka sannu. Don haka ranar da aka maido ni lekol, wato makarantar boko, a Magarya na ga kwalta a shimfiɗe, sai na ce yauwa, yanzu za a san na iya keke.

Kuma na iya ɗin, ba cika baki ba. Gari ne na motoci, ga kamiyo, manyan motocin kaya masu kai da kawo daga iyaka, ga ƴan kabu-kabu, masu babur ɗin haya, waɗanda in sun hango fasinja a ɗaya gefen sai su manta akwai wani mai rai a duniya. Amma ni da kunne nake tuƙi. Daga kukan inji a bayana nakan san motar da kaya take ko wayam. Ba na raɓewa can bakin kwalta inda ta gutsure, don nan ake faɗuwa. Ina riƙe wurina, direba ya zage ni in yana so, in dai ya gan ni. Abu ɗaya ne na haramta wa kaina: tsayawa ba zato a kan hanya. Shekara biyu ko ƙwarzane ban samu ba, alhali abokan aikina masu babur kowa da tabonsa a gwiwa.

A shekara ta uku matata ta tafi gidansu haihuwar fari, kamar yadda aka saba, za ta yi arba'in ta dawo. A daidai lokacin aka canja mini lekol, hanyata ta koma ta gaban rumfar mahaifinta.

Surukina igiya da tabarma yake sayarwa, a wata kwana kusa da tasha, kuma a nan yake zaune tun ina yaro. Rumfar tasa dab take da kwalta. Masu tebur sun cinye ɗan filin da ya rage, ƴan kabu-kabu sun jera a gaba, kamiyo kuma a nan suke karya kwana. To kowa ya sani, mai keke ba ya wuce babba a kan sirdi, balle suruki. Sauka za ka yi, ka cire takalmi, ka durƙusa. Ni kuwa da na duba wurin na ga ba inda zan aje ƙafa sai a kan kwaltar kanta. In na sauka daga nesa na turo, na ƙara faɗi, ni da keken mun tare hanya. In na zaga ta wata unguwa, a ce ina gudun surukina, wannan ya ma fi muni.

Sai na ƙirƙiro dabara, ina jin kaina mai wayo. Kullum in na zo daidai rumfar sai na rage gudu, na sunkuyar da kai, na kaɗa ƙararrawa sau biyu. A zuciyata gaisuwa ce. Sati uku ina yi, har ina yaba wa kaina.

Arba'in ta cika, ba a kawo mini matata ba. Kwana biyar ya wuce, shiru. Na tafi gidan da yamma, na tsaya a zaure, ta fito da jaririyarmu a kafaɗa, fuskar nan tata ba annuri.

"Mushe," in ji ta, don haka take kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lekol, "me ka yi wa Baba?"

"Ni? Kullum sai na gaishe shi."

"Da ƙararrawa? Ya ce shi ba tunkiya ba ce. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin an kaɗa wa mutum ƙararrawa ba sai dabba da yara masu wasa a hanya, kuma a gaban abokan zamansa kake yi, har sun fara tsokanarsa. Ya ce in zauna tukuna, sai mijina ya tuna yadda ake gaisuwa."

Kunya ta rufe ni, sannan haushi ya biyo baya. Na ce mata haba, mai mota yana wucewa a guje ko gilashi bai sauke ba, ba wanda ya ce komai. Mai babur ya ɗaga hannu ɗaya, a ce yaro mai ladabi. Sai mai keke, wanda ba ƙarfe a gabansa ba ƙarfe a bayansa, shi ne zai sauka a bakin kamiyo? Ta ce, "To ai ba ni za ka gaya wa ba." Ta gyara wa yarinyar hula ta koma ciki. Ko ɗaukarta ban samu yi ba.

Ba a musu da suruki. Ba yadda za a yi na zauna gabansa ina yi masa bayanin faɗin kwalta. Na aika yayana ya ba da haƙuri, tsohon ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, amma mata dai ba ta dawo ba. Direktan lekol ɗinmu ya ce in sayi babur kowa ya huta. Na ce wallahi ba zan saya ba, keken bai yi mini laifin komai ba. Ɗakina ya yi mini faɗi, ina kewar matata, kuma ƴata tana girma a gidan da nake shiga da sallama kamar baƙo. Na ce to, gobe zan sauka, abin da zai faru ya faru.

Goben ta faɗo ranar kasuwa. Tun daga nesa na ji kamiyo a bayana, da nauyi, kukansa ƙasa-ƙasa. Da wata rana ce da na ƙara wuta na bar masa kwanar. Amma ga tsohon can a kan tabarmarsa, ya ɗago kai ya gan ni, abokan zamansa ma sun juyo. Na damƙe birki. Ƙafata ta taɓa kwalta ke nan wani ɗan kabu-kabu da ke biye da ni ya kauce, ya shiga gaban kamiyon, direba ya murɗo kan motar wajena yana danna oda. Ban yi tunanin komai ba, na saki keken na yi tsalle. Na faɗa cikin tulin igiyoyi, tabarmi suka zubo mini a ka, na ji ƙarar ƙarfe a bayana, ƙaras!

Aka yi ta salati. Na yaye tabarma daga kaina, na gan ni a gaban surukina, gwiwa a ƙasa, takalmi ɗaya ya riga ya fita da kansa. Sai na cire ɗayan. Na ce, "Baba, ina kwana?"

Ba ni yake kallo ba, tayar bayan keken yake kallo, ta lanƙwashe a kan kwalta kamar faifan da aka taka, daidai inda nake tsaye ɗazu. Da ƙyar ya ce, "Tashi, Malam. Tashi ka tafi aikinka." Na tashi na saɓa keken a kafaɗa, buhunan wake na ta wucewa a saman kamiyon, direban na zagina ta taga.

Da la'asar ranar ƙannen mahaifinta mata biyu suka rako matata, da kwanukanta da turarenta. Na karɓi ƴata na riƙe ta har ta yi barci. Matata ta duba gwiwar hannuna da ta kuje, ta ce, "Kai dai Mushe da taurin kai." Na ce ai gida na tarar da shi, gidanku.

Sai da mai gyara ya yi kwana huɗu kafin ya samo mini wata taya. Safiyar da na koma kan keken na taho ina shirya yadda zan yi, don na ƙudura sauka zan ci gaba da yi, ko da kamiyo ko babu. Da na iso kwanar sai na ga wurin wayam, ramukan dirkokin rumfa kawai. Mai shayin wurin ya nuna mini lungu da haɓarsa.

Na karya na shiga. Can ciki, bayan katangar wani gida, inda fasinjan tasha ba zai taɓa hango igiya ba balle ya taya, tsohon ya kafa rumfarsa. Shi kaɗai yake zaune, abokan hirarsa na shekara da shekaru suna can bakin hanya. An share gaban rumfar tas, fili isasshe, har da wani kututture da za a jingina keke.

Na sauka a tsanake, na jingina, na cire takalmi, na durƙusa. Ya amsa gaisuwata har da tambayar kwanan yarinya. Na kasa haƙuri na ce, "Baba, nan ai ba ciniki."

Ya ci gaba da tufka igiyarsa bai dube ni ba. Ya ce, "Can ɗin hayaƙi ya yi yawa. Hau ka tafi, kada ka makara."