Yadda Na Gyara Amfilifayar Ramon Har Ta Lalace

Cikin duk shekarun da na yi a wannan sana'a, akwai wata Laraba da har yau ta ƙi fita daga raina, kuma tunda kun matsa sai na ba ku labarin farkon zuwana shagon nan, ga shi. Lokacin ina wata na biyar a Dubai, cikin wata shida na gwaji. Ga wanda bai sani ba, a nan bizarka tana rataye ne da wanda ya ɗauke ka aiki, kuma cikin watannin nan in ya ce khalas, wato an gama, sai ka fara haɗa jaka. Ni kuwa na bar mata da 'ya'ya uku a Kurna, can Kano, mota biyu aka yi aka raka ni filin jirgi. Ba irin tafiyar da mutum zai koma bayan wata biyar ya ce wai gaisuwa ya zo ba ce.

Kafin in zo, shekara goma sha huɗu na yi ina gyaran amfilifaya a Kano, yawanci ta masallatai da ta masu wa'azi. A wurinmu doka ɗaya ce: murya ta fita tas. In liman ya ɗaga murya sifika ta yi kakari, ba wanda zai ga laifin liman, tambayar da za a yi bayan sallama ita ce wa ya yi gyaran nan. Sannan ubangidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ya hore mu a kan cewa abin kunya ne ka mayar wa mutum kayansa da datti. Ko waya ɗaya ka canja a rediyo, sai ka goge ta, ka ɗaure abin da ya kwance, in da hali ka ƙara wani gyaran kyauta. Da wannan tarbiyya na sauka Al Qusais, unguwar da shagon nan yake, ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Shagon a lokacin bai kai haka girma ba. Mista Thomas, mutumin Kerala ta Indiya, shi ne mai shago kuma babban injiniya, ni ne na biyu, ni ne kuma na ƙarshe. Aikinmu tsofaffin amfilifayoyin jita, masu kwalabe. Kwalaben nan wasu 'yan gilasai ne kamar ƙwan fitila, in sun ɗauki zafi su yi ja, su ne suke ƙara wa sauti ƙarfi tun kafin zamanin tiransisto. Tsarin aikin kuwa, duk abin da ya shigo a buɗe masa kati, a rubuta abin da mai shi ya ce yana damunsa, duk abin da aka cire kuma a zuba a leda a mayar masa. Mista Thomas ya faɗa mini wannan tun ranar farko. Na ce to, amma a raina na ɗauka irin ƙa'idodin nan ne da ake liƙawa a bango don baƙi su gani.

Ranar Litinin wani dattijo ɗan Filifin mai suna Ramon ya shigo rungume da wata amfilifaya. Makaɗin jita ne a wani otal. Amfilifayar ta girme ni nesa ba kusa ba. Yadin da ke gabanta ya koma launin shayi, gefe ɗaya ya yage, a samanta ga ƙunar sigari. Ya ce ta mahaifinsa ce, da ita ya yi kiɗa har ya bar duniya, yanzu kuma ta tsiri wani gurnani ko ba a taɓa jita ba. Laraba da safe yake son ta, domin Alhamis yana da wasa. Mista Thomas ya rubuta a kati: gurnani, a canja kafasita. Ya miƙo mini ya ce, "Habu, wannan kawai." Washegari ya tafi Abu Dhabi duba wasu kaya, ya bar ni da shago.

Aikin kafasita bai ci mini awa biyu ba. Na fara zubar da wutar da ta kwanta a cikinsu, domin ku sani abubuwan nan suna riƙe wuta ko an zare filogi, kuma wutar ta isa ta aika mutum lahira, shi ya sa muke aiki hannu ɗaya a aljihu. Na canja, na kunna, gurnani ya ɗauke. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Sai na jona jitar gwaji ta shago, na murɗa sauti ya wuce rabi, na kaɗa. Abin da ya fito ya sa na ji kunya a madadin mai ita. Murya a dishe, tana kakari kamar ta ɗan kamashon da ya wuni yana kiran fasinja. Na ce a raina, Allah sarki dattijo, shekara da shekaru yana fama da wannan abu don rashin mai gyara na gari. Har na ɗan ji tausayin Mista Thomas, ga suna ga farin gashi amma kunne babu.

Nan na zage damtse. Na kwance tsohuwar sifikar, wadda takardarta har faci gare ta, na ɗaura sabuwa mai ƙarfi. Na zare manyan kwalabe biyu na sa sababbi na daidaita su, ƙaramar kwalbar farko kuma na musanya ta da wata mai sauƙin ƙarfi don kada sauti ya fashe. Yadin nan na ɓalle shi na ja wani baƙi mai kyau. Jikinta na wanke da sabulu, fuskar maɓallan na bi ta da sifirit. Kafin la'asar sai ka ce yau ta fito daga kwali. Muryar kuwa, da za a jona mata makirfo a yi kiran salla, har Sharjah, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, sai an yi alwala. Na ɗauki hotonta na tura wa matata, ta ce Allah ya ƙara basira.

Saura tarkacen da na cire. A ganina cin fuska ne ka miƙa wa dattijo shara a leda, amma kuma kun san Bahaushe ba ya zubar da abin da ke da waya a jikinsa. Na kwashe na tafi da su filat ɗinmu a Al Nahda, inda mu shida muke zaune. Cikinmu akwai Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, ɗan kasuwa mai aika kago gida duk wata. Yana ganin sifikar ya ce ai ƙanensa mai shayi ya daɗe yana neman abin da zai jona wa rediyo. Na ce Alhaji ɗauki duka, har da kwalaben da tsumman. Ya sa mini albarka, na kwanta ina jin yau na yi alheri sau biyu.

Laraba da safe na lulluɓe amfilifayar da tawul, don in yaye a gaban jama'a. Mista Thomas ya iso, Ramon na biye da shi da jitarsa a kafaɗa. Na yaye tawul na ja da baya. Ramon ya dubi abin, ya dubi kantoci, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Ina tawa?"

Na ce, "Ai ga ta nan, yallaɓai."

Ya matso kusa da ita. Ya jona jitarsa, ya jira kwalabe suka yi zafi, ya kaɗa sau uku. Sauti ya fito garau, ni har ina gyaɗa kai. Sai ya ajiye jitar a hankali, ya nemi kujera ya zauna. Ni kuwa na shiga bayani: yadda na tarar da muryar a dishe, yadda na yi maganin kakarin gaba ɗaya, da cewa ƙarin aikin duk kyauta ne.

Mista Thomas ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Habu, kakarin nan da ka kashe, shi ne amfilifayar. Shi makaɗa suke nema. Mutane suna hawa jirgi daga wata ƙasa don neman tsohuwar sifika irin wadda ka cire. Ba komai, a mayar. Ina ledar?"

Na ce, "Tana hanyar Maraɗi."

"Maraɗi ta wajen Sharjah?"

"A'a, oga. Gaba da Katsina kaɗan, a Nijar."

Ban taɓa ganin Mista Thomas ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Cewa ya yi in kayan nan ba su dawo shagon nan yau ba, gobe da safe tare za mu je a soke bizata. Ya faɗe ta ne kamar mai aikena sayen shayi, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Na fita waje na kira Alhaji Isufu. Ya ce, da ɗan Faransancinsa na 'yan Nijar, "Bon, Injiniya, yau kuma kyauta ake biyowa?"

Na ce, "Alhaji, ka rufa mini asiri, aikina ne a cikin buhunka."

Ya ce, "To an riga an naɗe. Ina sito a Dubai Investments Park, ƙarfe biyu za a rufe kwantena. Yalla, maza, in za ka zo ka zo."

Wanda ya san garin nan ya san daga Al Qusais zuwa can ka ratsa Dubai ne daga wannan kai zuwa wancan. A cikin tasi babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. Na isa sha biyu saura, na tarar da buhuna tsibi guda, duk iri ɗaya, duk an naɗe su da salatif ruwan ɗorawa. Ashirin da uku na Alhaji ne. Na tambaye shi wanne ne, sai ya yi dariya ya ce, "Mon frère, wa ya gaya maka a buhu ɗaya suke?" A nan na koyi ɗabi'ar masu kago. Ba sa aika iska gida. Duk wani rami da ke cikin kaya, na tukunya ne ko na takalmi, sai an cusa masa wani abu. Alhaji ya rarraba kayan Ramon ne inda duk ya ga fili, kuma shi kansa ba ya tuna ina da ina.

Muka hau farke buhuna. Sifikar ta fara fitowa, a tsakiyar barguna. Babbar kwalba ɗaya tana cikin safa, safar tana cikin fulas ɗin shayi. Ta biyun tana cikin takalmin makaranta. Tsumman kuwa an naɗe kwalaben turare da shi. Kafin wannan lokaci 'yan kasuwar Kano da ke wurin sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Wata Hajiya mai leshi ta ɗaga yadin da yatsa biyu ta ce, "Malam, wai duk wannan gumin a kan tsumman nan ne? Zo in yanka maka yadi biyu ka huta." Na ce Hajiya na gode, sabon yadi ne ya kawo ni nan.

Ƙaramar kwalbar ce ta ƙi ganuwa. Mai tuƙa motar ɗaga kaya, wani ɗan Pakistan, yana ta nuna mini agogo yana cewa khalas. Buhu na sha tara muke ciki, biyu saura kwata, Alhaji ya dafa kai ya ce, "Attends, tsaya." Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro ta. Wai ya ga ta yi kyau ne, ya ajiye zai kai wa jikarsa. Da ba don ya girme ni ba, da ranar an ji mu. Haka na bar shi da buhu sha tara a farke, kuma har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Na koma shago na shiga lalata aikina da hannuna, Mista Thomas yana tsaye a kaina. Sifika mai faci ta koma, tsofaffin kwalabe suka koma, na sake daidaita su, na mayar da yadin da yagewarsa a gefen da take. Ƙarfe biyar Ramon ya dawo. Ya jona, ya kaɗa, kakarin nan ya cika shago. Ya lumshe ido yana murmushi, ni kuma na ji numfashina ya dawo. Ya sunkuya ya shinshina yadin ya ce me ya sa take ƙamshi haka. Na ce ta ɗan yi tafiya ne.

Sai ya kai hannu kan maɓallan, ya tsaya. Ya ce, "Akwai ɗige-ɗige ja a nan." Ashe mahaifinsa ne ya ɗiga su da jan farcen matarsa, gefen kowane maɓalli, inda yake tsayar da shi in zai yi kiɗa. Ni na ɗauka datti ne, sifirit ya tafi da su. Wannan kam ba ya cikin buhun kowa. 

Ramon ya rufe ido, yana kaɗawa yana murɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har ya kai inda yake so. Ya daɗe yana kiɗa. Da ya gama ya share ido da bayan hannu, ya ce shekara talatin yana bin ɗigon nan, bai san kunnensa ya haddace su ba. Sannan ya juya ga Mista Thomas ya ce, "Kada ka kore shi. Wanda ya iya kashe muryar nan ya kuma tashe ta, hannunsa ya san aiki. Tambaya ce bai iya ba."

Ba a kore ni ba. Hukuncina, wata guda cur duk katin da aka ba ni sai na karanta shi da ƙarfi a gaban Mista Thomas kafin in taɓa sukudireba, ni da 'ya'yana uku.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, masu kawo mana kayan nan ba sabo suke nema ba, sabo yana nan cike da kantuna. Abinsu suke so, da tabonsa da dishewarsa, kuma sau da yawa akwai wani mamaci a ciki wanda kai ba ka gani. Shi ya sa kuke jin ina tambayar kowane mai kaya me yake so kada a taɓa, tun kafin in tambaye shi me ya lalace. Ramon ya ci gaba da kawo mana aiki har ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, kuma ko sau ɗaya bai ƙara ta da maganar ɗigon ba. Wallahi da zagina ya yi a ranar, da tuni na manta.